Na'urar da Na Yi wa Likkafani

Wani ɗan gurnani ne ya dame ni daga lungun ɗaki, inda ƙanena ya ajiye na'urar kwamfuta da asibitin ƙauyenmu ke dogara da ita wajen ba da magani, don mu ke da sola. Tausayi ya kama ni, na ce ƙura ce ke damun ta. Ni mai sakandare, na naɗe ta da tobina, babban mayafina, har ta yi shiru.

Asibiti ya tsaya cak, mata na layi. Ƙanena ya kira ofishinsu na birnin Sinnar, ya zargi shabaka, wato layin sadarwa, ina ba shi shawarar addu'a. Da ya ɗaga tobin, zafi ya buso masa.

"Yaya, wa ya yi mata likkafani?"

Har yau in zan lulluɓe autata sai ta ce, "Yumma, bar mini hanci, na san hannunki."