Ranar da Na Miƙe Layin da Bai Kamata Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da 'yata Hauwa ta gayyace ni kallon wasan kwaikwayonsu a Birmingham. A jami'ar Salford take karatun wasan kwaikwayo (na so ta yi likita, amma a bar tone-tone). Wasan kan kisan ƙare-dangi ne a wata ƙasa da ba su ambaci sunanta ba. Abu ɗaya ta roƙe ni: "Baba, just watch. Don Allah kada ka gyara komai."

Ta san halina. Aikina tsara jama'a a filin ƙwallo, kuma duk bikin da Hausawan unguwarmu ta Moss Side za su yi, ni ne mai layin shinkafa. Idan na ga layi ya karkace, jikina har ƙaiƙayi yake yi.

Na biya ta unguwar Lozells a can Birmingham na ɗauki aminina Bitrus. Mutumin Filato ne, kuma yana yaro wani maƙwabcinsu Musulmi, Malam Sule, ya ɓoye su a rumbu lokacin wani rikici. Duk sanda ya ba da labarin sai in bugi ƙirji. Ranar ma a mota na sake: "Wallahi Bitrus, da ni ne, sai dai su taka gawata kafin su taɓa ka."

Ya ce, "Allah kada ya nuna mana, Malam."

Wurin wani tsohon sito ne, babu kujeru. A ƙofa aka ɗaura wa kowa ƙyalle a hannu. Ni shuɗi na samu, Bitrus rawaya. Ni dai na ɗauka irin na tikiti ne.

Muna tsaye sai ga wani saurayi siriri cikin kakin ma'aikacin gwamnati, yana roƙon masu rawaya su koma gefe su shiga wani ɗaki, wai don lafiyarsu. Muryarsa na rawa, usur ɗinsa na faɗuwa. Turawa suka yi cirko-cirko, babu mai motsi. Na san fa wasa ne. Amma tausayin yaron ya kama ni, na ce a raina wannan abokin karatun 'yata ne, zai ji kunya a gaban baƙi.

Na karɓi usur. Hura ɗaya na yi wuri ya natsu. Masu rawaya dama, masu shuɗi hagu, tsofaffi a gaba, a bar tazara. Wata tsohuwa mai sanda har riƙe mata hannu na yi na kai ta bakin ɗakin, ta yi min godiya. Yaron ya ɗaura min wani baƙin ƙyalle a dantse, ni kuwa na ji kaina ya ƙara girma (Allah ya yafe min).

Ina zagayen ƙarshe sai na hango Bitrus a cikin masu shuɗi, ya raɓe bayan wani dogon Bature, hannunsa cikin aljihu. Ya girgiza min kai a hankali. Ni kuma, da ƙarfi yadda kowa zai ji, na ce, "Haba Bitrus, ba rawaya aka ba ka ba? Fito mana, kada ka ɓata wa yara tsari!"

Ya dube ni. Ya zaro hannun mai ƙyallen, ya wuce. Da hannuna na rufe ƙofar.

Fitilu suka mutu. Daga cikin ɗakin aka saki ƙarar bindigogi da ihu, sannan tsit. Da haske ya dawo, a kaina kaɗai ya sauka, usur a baki. Hauwa ta fito a matsayin wadda ta tsira, ta faɗi maganar da aka rubuta mata: sojojin ba su san mu ba, maƙwabta ne suka nuna mu. A ƙa'ida jama'a za ta kalla tana faɗa. Ni ta kalla.

Bayan wasa aka zauna tattaunawa. Mai ba da umarnin wasan ta ce tunda suka fara yawo da wasan, ba su taɓa samun wanda ya kammala musu aikin da tsafta haka ba. Ta miƙo min makirufo, wai me ya sa na taimaka? Na ce, "Layin ne ya karkace."

Wasu suka yi dariya. Hauwa ta rufe fuska. Na so ƙasa ta tsage in shige.

A hanyar Lozells Bitrus ya juya fuskarsa ga taga, kuma wannan ya fi hasken nan ƙona ni. Na tsorata da gaske, na ɗauka abotarmu ta ƙare a sito. Sai da matarsa ta ajiye mana tuwo ya wanke hannu, ya ce, "Ka san Malam Sule da ya ɓoye mu? Mutumin nan ko taron suna bai iya shiryawa ba. Duk unguwa raina shi ake yi. Yau na gane amfaninsa." Ya turo min kwanon miya. "Ci, ranka ya daɗe kwamanda."

Har yau haka yake kirana, ni kuma na daina bugun ƙirji a mota. Layi kuwa ina nan ina miƙewa, sana'a ce. Sai dai yanzu kafin in hura usur, ko na shinkafa ne, sai na leƙa na ga inda ƙofar ta nufa.