Ranar da Aka Sace Kafiretar Manaja

Shekarata tara ina gyaran motocin wata masaƙa a Bompai lokacin da Marsandin manaja ta fara kakkarwa tana mutuwa a silo, wato da zarar an ɗaga ƙafa daga totur. A makon ake shirin naɗa shugaban gareji, ni kuwa har na ɗinka sabuwar riga.

Ban ko saurari injin ba na ce, "Ranka ya daɗe, kafireta ce. A ba ni minti goma."

Na buɗe bonet, na leƙa dama, na leƙa hagu. Ma'aikata suka taru, manaja yana duba agogo. Da gumi ya ishe ni, sai na miƙe na sanar cewa an sace kafiretar.

Direban motar, Baba Yohanna, wanda na shafa wa sata ban sani ba, ya ce a hankali, "Malam, wannan injekta ce, ba ta zuwa da kafireta." Ya mayar da wayar na'urar auna zafi da ta zame, injin ya daidaita.

Wani aka ba garejin. Har yau in na shiga Bompai, tsofaffin abokan aiki sukan tare ni da fuskar jaje: "Malam, an kama ɓarawon kuwa?"