Yadda Za Ka Rabu Da Kayan Ɗakinka Kafin Ka Tafi Koyon Tuƙa Jirgin Soja

Barka da arziki. An ɗauke ka makarantar sojan sama, za ka je ka koyi tuƙa jirgi, an kuma gaya maka da jaka ɗaya tak ake shiga bariki. Ga gado, ga katifa, ga firji, ga sif, ga kujerar kushin, duk sun zuba maka ido a ɗakin haya. Mai gida kuma ya fara gaishe ka da "yaushe ne tafiyar?" Kwantar da hankalinka, ka zo wurin masu abin. Idan ka bi matakan nan bi da bi, na ba ka tabbacin za ka miƙa makulli ɗaki fayau, babu ko tsinken sakace, kuma ba wanda zai yi fushi da kai.

Ba da ka nake magana ba. An gwada hanyar nan a kan mutum guda, wani dogon saurayi, autan gidansu. Tun ranar da sunansa ya fito 'yan unguwa suka laƙaba masa Kyaftin, alhali iyakar tashinsa sama a duniya shi ne hawa tsani ya gyara eriya. Za mu riƙa leƙa shi a kowane mataki, don ka ga inda ya taka daidai da inda ya zame.

Mataki na 1: Kada mahaifiyarka ta ji

Gaya wa maƙwabta, gaya wa mai aski, gaya wa duk wanda ya tsaya. Ita kuwa ta ji labari bayan an kwashe kaya an share ɗaki.

Kyaftin bai san wannan ba. Ya tafi gidan Inna, ya same ta a falo tana ninke wanki, ya zauna ya fasa mata maganar ba ko kwana-kwana.

"Inna, kayan ɗakina zan sayar."

"Har gadon?"

"Har shi."

Ta ninke zani ɗaya, ta warware, ta sake ninkewa. "Auta, mutumin da yake da niyyar dawowa ba ya sayar da gadonsa."

Kyaftin ya yi dariya, ya ɗauka irin maganar iyaye ce da ake ji a wuce. Ba ita ba ce. Inna tsoro take ji. Ba ta taɓa ce masa kada ya tafi ba, ita ce ma ta fi kowa sa albarka. Amma tun da tafiyar ta tabbata, duk jirgin da ya gifta ta saman gidan sai ta saki abin da take yi ta bi shi da ido har ya ɓace. A lissafinta, muddin kayan yaron suna nan, dole ya dawo ya same su. Ka riƙe wannan da kyau, domin duk wahalar da za ta biyo baya daga nan ta taso.

Mataki na 2: Idan ta riga ta ji, kada ka lallashe ta da ilimi

Za ka ji bakinka yana ƙaiƙayi, kana so ka nuna mata ka san sirrin jirgi. Danne shi. Kyaftin bai danne ba.

"Inna, jiragen yanzu ba irin na da ba ne. Ko matsala aka samu a sama, akwai wani hannu da mutum zai ja, kujerar da kanta ta cilla shi waje, laima ta buɗe, ya sauko a hankali."

Inna ta ajiye wankin. "Kujerar da kake zaune a kai?"

"Ita."

"Ita ce za ta jefar da kai."

"Don ta cece ni."

"A sama."

"Eh, amma ai da laima."

"Allah ya kyauta," in ji ta. "Mu dai a saninmu kujera riƙe mutum take yi."

Masana sun tabbatar da cewa duk bayanin da ya haɗa "cilla" da "sama" ba ya kwantar wa uwa da hankali, ko laima nawa ka ƙara masa.

Mataki na 3: Kasa kayanka kashi uku

Na sayarwa, na kyauta, da waɗanda kunya ba za ta bari a fitar da su idon jama'a ba. Kada ka yaudari kanka, kashi na ukun ya fi yawa.

A ɗakin Kyaftin, shugabar kashi na uku ita ce kujerar kushin mai zaman mutum uku da ya saya a wurin 'yan gwanjo. Tsakiyarta ta daɗe da mutuwa. Duk wanda ya zauna a nan yakan nutse har gwiwoyinsa su zo daidai haɓarsa, ba kuma ya iya tashi sai an ba shi hannu. Abokansa suka sa mata Rijiya. Mai gida ya taɓa shigowa yi masa faɗa a kan ƙarar rediyo, ya faɗa cikinta da fushinsa, aka ƙare yana roƙon a yi wa Allah a ciro shi. Tun daga ranar a bakin ƙofa yake tsayawa ya yi faɗansa.

Idan kana da irinta, jefa mata zanin gado, ka ce wa baƙi ba ta jin daɗi.

Mataki na 4: Kira dillali

Dillali mutum ne da sana'arsa ita ce ya fahimtar da kai cewa duk abin da ka tara a rayuwa tarkace ne. Zai ƙwanƙwasa sif ya kara kunne kamar likita, ya girgiza kai, ya tambaye ka ko wani ne ya cuce ka ya sayar maka. Kada ka tanka. Idan ya taya, yi tari. Idan ya ƙara, dubi rufin ɗaki.

Kyaftin ya yi duk wannan, ciniki har ya kusa faɗawa, sai ga sallamar Inna. Gidanta yana can ƙarshen gari, sai an sauya mota ake zuwa, amma ta ce wucewa take yi.

"Malam, kai za ka sayi gadon?"

"In Allah ya yarda, Hajiya."

"To madalla. Ni dai ba na son haƙƙin mutum. Auta, ka gaya masa maganar kuɗin cizon?"

"Wane kuɗin cizo, Inna?"

"Ka ji shi ko. Ya saba da su har ba ya ji." Ta juya wajen firji. "Wannan kam lafiyarsa ƙalau, in dai da takalmin roba za a riƙa buɗe shi."

Dillali ya janye hannunsa daga jikin firjin a hankali. Ya fara sosa wuya, ya ce zai je ya yi shawara da abokin kasuwancinsa. Har ya sha kwana yana susa. Kyaftin bai sake jin ɗuriyarsa ba, haka ma sauran dillalan layin, domin a tsakaninsu labari ba ya kwana.

Mataki na 5: Idan sayarwa ta gagara, raba wa dangi

Kowane gida yana da kawun da ya daɗe yana yaba firjinka fiye da yadda yake yaba ka. Shi za ka nema.

Kawun Kyaftin, ƙanen Inna, ya iso da igiya tun ba a gama yi masa bayani ba. Ya auna firji, ya auna sif, har fankar ya auna.

"Kyaftin, ai abin da ya kamata ke nan. Me ya kai ka ga bare alhali muna raye?"

Sai wayarsa ta yi ƙara. Inna ce. Hannayensa duk suna riƙe da igiya, don haka ya sa sifika.

"Na ji za ka ɗauki kayan Auta. Ka kyauta. Ajiya ce dai, ka sani. Zan riƙa zuwa ina goge su, in na zo kuma ba sai na yi gaggawar komawa ba, tunda ga gado."

Kawu ya tuna zuwan yayarsa na ƙarshe, wanda ta zo wuni ta share wata, ta sauya wa matarsa tsarin kicin, ta kuma hana shi kallon ƙwallo. Ya naɗe igiyarsa.

"Kyaftin, yanzu na tuna, ƙofar gidana ƙarama ce."

"Kawu, ai yanzu ka gama aune-aune."

"Ƙofar ce ban auna ba."

Mataki na 6: Gwada tafiya da su

Doka magana ce, magana kuma ana iya lanƙwasa ta. Kira makarantar ka ji. Kyaftin ya kira, ya faɗa hannun wani saje mai murya kamar ana jan tebur a kan siminti.

"Yallaɓai, fanka tana cikin lissafin jaka ɗaya?"

"Tana shiga jakar?"

"A'a."

"To ka ba wa kanka amsa."

"Katifa fa, idan na naɗe ta sosai?"

Sajen ya nemi sunansa, ya ce a maimaita masa a hankali. Idan ka kai nan, kashe wayar. Kyaftin ya maimaita, har da sunan mahaifi.

Daga nan ya gwada dabarar ƙarshe, ya ce wa mai gida ya bar masa kayan duka kyauta. Mai gida, daga bakin ƙofa, ya nuna Rijiya da baki. "Yadda na ba ka ɗakina haka nake son abina. Waccan kuwa ita za a fara fitarwa."

Mataki na 7: Miƙa wuya cikin mutunci

Kyaftin ya koma gidan Inna ransa a ɓace.

"Inna, kin kori dillali, kin kori Kawu. Ina kike so in kai su?"

"Au, wai wuri kake nema? Ai da ka yi magana."

Sai a lokacin ya lura falon ya yi fili. An matsar da teburinta, an naɗe kafet, an cire hotuna daga bango. A ƙofar gida kuma ga a-kori-kura a tsaye, direbanta yana gaishe shi da Kyaftin kamar sun saba.

Kada ka yi gardama a wannan mataki. Ɗauki ƙafar gado ka yi shiru.

Kafin rana ta yi sanyi an juye ɗakin haya a falon Inna. Gado ya tare taga, katifa ta jingina da sif, firji ya hau kan tebur, fanka ta hau kan firji. Hanyar shiga kicin ta koma sai a karkace, ana riƙe numfashi. Inna kuwa tana tsakiya tana ba da umarni, fuskarta a sake, rabon da a ga haka tun kafin sunan ya fito. Rijiya ce kaɗai Inna ta ce kada a ɗora mata komai. Ta sa aka ajiye ta tana kallon ƙofa.

Mataki na 8: Ranar tafiya, kada ka zauna

Yi sallama a tsaye, jaka a kafaɗa, ƙafa ɗaya a waje. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, shi ne kuma wanda Kyaftin ya karya da saninsa.

Ya zo da safe, an yi masa askin ƙwal, takalmi yana sheƙi, mai tasi yana jira a waje. Inna ta ce ya zauna ya sha ruwa. Ya duba falon. Ko'ina kaya ne a kan kaya, wurin zama ɗaya ne ya rage. Ya dube ta, ta kau da kai tana gyara labule. Ya zauna.

Rijiya ta karɓe shi yadda ta saba. Ya nutse har gwiwoyinsa suka zo haɓarsa, takalman masu sheƙi suka bar ƙasa. Ya shanye ruwan a haka. Mai tasi ya danna hon.

"Inna, ba ni hannu."

Inna ta tsaya a gabansa, hannayenta a baya.

"Ka ga wannan," in ji ta, "ba ta jefar da kowa."

Ya buɗe baki zai mayar da abin wasa, sai ya ga fuskarta, ya fasa. Sai yanzu ya gane kuɗin cizon da ba a taɓa gani ba, da firjin da bai taɓa jan kowa ba. Tausayinta ya kama shi, ya ji kunyar dariyar da ya yi mata ranar farko. Ya sauke hannun da ya miƙa.

"In kin ce in zauna, Inna, na zauna."

Hon ya sake tashi. Ta daɗe tana kallonsa, ƙaton mutum a dunƙule cikin kushin, kai ba gashi.

"Raba ni da shirme," ta ce. "Duk gari sun gama kiranka Kyaftin."

Ta miƙa hannu biyu, ta tokare ƙafa da gindin sif, ta ja da iyakar ƙarfinta. Ya fito. Ba ta saki hannun nan take ba. Ta nuna masa ramin da ya bari a kujerar.

"Daidai jikinka ya lotsa. Ba wanda zai zauna a ciki. Ka dawo ka cika abinka."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin dillalin da har yanzu yake susa, ko kawun da ya daina ɗaga waya, ko sajen da yake jiranka a bakin bariki ya haddace sunanka har da na mahaifi. Duk wanda ya bi matakan nan ya tarar kayansa ba su ragu da ko cokali ba, shi ya jiyo. Haka kuma ba ruwan marubuci idan ka kai wa wata dattijuwa ziyara ta bar ka a tsaye alhali ga kujera babu kowa a kai. Kada ka tambaye ta dalili, kuma idan jirgi ya gifta tana cikin magana, jira ta gama kallo. Tabbacin da aka ba ka a farko yana nan daram, sai dai bai shafi wanda yake da uwa ba.