Ranar da Na Raina Bawa na Maiyama

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, na shiga mota daga Jega zuwa Aliero kallon dambe. Fasinjoji sai yabon Bawa na Maiyama suke yi, mahaucin da tunda ya fara dambe ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Ni mai sayar da albasa, ban taɓa ganinsa ba, amma na gyara zama na ce ragwaye yake zaɓa. Har na dafa kafaɗar wani mutum shiru-shiru da ke gefena na ce, "Malam, ko ni na ɗaura zare, turmi guda ya ishe ni da shi."

Ya ce, "Allah shi ba ka sa'a, Alhaji."

Muna isa tasha makaɗa suka kewaye motar suna yi wa mutumin nan kirari. Ashe shi ne Bawa. Da yamma ya kayar da ƙarti biyu, sannan ya tako gabana cikin ladabi.

"Alhaji, ga zare."

Na ce kafaɗata na ciwo.

Har yau in na shiga kasuwar albasa sai wani ya ce, "Ku ba da hanya, ga wanda Bawa bai iya kayarwa ba."