Takalmin Ƙanƙara a Zauren Surukina

Shekarar da na fara aikin mushe, wato malamin makaranta, a lakol ɗin Tama, na ci karo da wani takalmi cikin gwanjon kasuwar Bangi: ja, mai tauri kamar turmi, da maɗauran ƙarfe har ƙwauri. Mai kayan ya rantse na manyan sojan Faransa ne. Da na saka, sai ya tura gwiwoyina gaba, idon sawu ya ƙi lanƙwasuwa. Na ce lallai haka manya ke tafiya.

Ran Juma'a na ɗaura abina, na tafi gaida surukina, Baba Sarja, tsohon sojan Faransa, yana zaure da dattawa. Kowa ya san ladabin: ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka tsuguna. Na duƙa in kwance, ƙarafa suka ƙi. Na ce to, bari in tsuguna haka nan. Ashe takalmin bai san tsuguno ba. Na kifa gaba ɗungurungum, goshina ya sauka cikin ƙwaryar furar dattawa.

Baba Sarja ya ɗaga ƙafata ya duba, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Mushe, wanga ai na zamiya bisa dusar ƙanƙara ne, can duwatsun Faransa. Ina ka ga dusar ƙanƙara nan Adar?"

Shi da kansa ya durƙusa ya kwance mini, ni da na zo durƙusa masa.

Har yau, in ƙanƙara ta zubo da damina, jikokina kan rugo da gudu: "Kaka, ɗauko takalmi, ranarka ta zo!"