Rasuwar Gajere, Fiyanon Gidan Kabo Mai Kalangu

Da zukata cike da baƙin ciki, da wata fargaba a kan baƙin cikin, iyalan marigayi Kabo mai kalangu na garin Daura suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar fiyanon ɗansu Mainasara, wanda aka fi sani da Gajere. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha huɗu a hannun mai shi, ban da waɗanda ya yi a hannun wani kafin a kawo shi gwanjo.

Haƙora arba'in da tara gare shi, farare da baƙaƙe, shi ya sa laƙabin ya bi shi. Na yanzu da samari ke rububi a Kano, wani sittin da ɗaya, wani saba'in da shida, ga gilashi mai haske, ga muryoyi ɗari biyar, har kukan doki suna yi. Marigayi Gajere murya ɗari ya sani, ashirin ma a ciki ba su da maraba da juna. Amma batir shida ya ishe shi wuni, ya hau bayan babur zuwa Zango ya dawo bai taɓa yin ƙorafi ba, kuma da an kunna shi sai ya gaishe da mutane: tin-tirin-tin. Waɗancan dogayen, idan babu janareto, katako ne kawai.

Mai haƙuri ne. Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a aka tsaurara kan kiɗa, ya yi zaman ƙarƙashin gado naɗe cikin zanen Haulatu, matar Mainasara, ba wanda ya ji ko tarinsa.

Babban abin da ya riƙe, amana ce. Kabo bai taɓa ƙaunar fiyano ba, gani yake akwati ne mai kwaikwayon mutane. Amma wata guda kafin rasuwarsa, da hannu ya gaza riƙe kalangu, ya sa aka ajiye masa Gajere a cinya. Da yatsa biyu ya buga taken mahautan Sandamu tun daga farko har ƙarshe, taken da gidansu ke yi musu tun kakanni, Mainasara ya danna wurin ajiya. Irin wannan tsohon fiyano kuwa yana tuna abu ne muddin akwai wuta a jikinsa. Shekara tara Mainasara yana sauya masa batir a kan kari, ko lokacin da yake ɓoye. Abin da bai yi ba shi ne ya zauna ya koyi taken da hannunsa. Kullum gobe. Mu da muke gidan mun faɗa masa har muka gaji, dariya yake yi ya nuna mana maɓallin da ke sako taken.

Ciwon ajali ya kama Gajere da kakar bana. Mainasara ya tafi girbin gero ƙauyen surukansa, kwana goma ya koma ashirin da biyar, batir ɗin da ya bari a ciki ya fashe ya zubar da ruwa. Da ya dawo ya kunna, babu gaisuwa, sai ƙiii guda ɗaya siririya. Mai gyaran rediyo ya buɗe cikinsa, ya goge, ya hura, ya mayar da sukurori a hankali. Ya tabbatar cewa ko da ya tashi, abin da ke kansa ya riga ya tafi.

Ya rasu ya bar jakarsa mai yagaggen zif, da wayar wuta, da baƙin haƙori ɗaya da ya fita tun bara yana cikin gwangwani. Ya kuma bar Mainasara, wanda ke cikin tashin hankali da kunya. Farkon taken yana kansa, ƙarshen ma haka. Tsakiyar ce babu, inda kalangu ke kiran sunayen magabatan mahauta ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar Talatar yake buga cinyarsa, da ya iso wurin sai hannun ya tsaya a sama.

Babu salla, babu likkafani, mun san iyakarmu. Za a ɗora gawar kan babur ranar Alhamis bayan la'asar zuwa shagon mai gyara, inda za a raba sassanta ga mabukata. Zaman makoki a zauren gidan Kabo. Ba a bukatar shinkafa ko goro. Duk dattijon da ya taɓa jin taken mahautan Sandamu, ko da rabinsa ne, muna roƙonsa don Allah ya zo ya buga mana, ko a kan ƙwarya.

A daure a zo kafin Juma'a ta sama. Ranar za a naɗa sabon Sarkin Fawa a Sandamu, sun riga sun aiko da goron gayyata, Mainasara ya karɓa da hannu biyu, kuma har yanzu bai gaya musu ba.