Ruwan Sama Daga Tankar Mai Girma

Jiya na shigo gida jagab, tun daga hula har takalmi, rigata tana ɗiga. A tsakiyar bazara ne fa, rana kamar ta fasa kan mutum, babu ko ƙyallin gajimare a sama. Zebun, uwar 'ya'yana, ta ɗago daga gaban murhu ta dube ni sama da ƙasa.

"Baban Nuzhat, kwata ka faɗa?"

"Ruwan sama ne ya dake ni."

"A wace ƙasar?"

"A dandalin kasuwa. Na gwamnati ne."

Ba ta ƙara tambaya ba. Roba ta jawo, ta ce in tsaya a ciki in matse rigar, kada ya tafi a banza.

Masu karatu, kun san ni, ba na shiga gidan kallo. Ban yi makaranta mai zurfi ba. Ɗan abin da na sani na tsince shi ne a littattafan da ake kawo mini ɗinki a shago, ina ɗinkawa ina leƙawa. A duk abin da na leƙa kuwa ban taɓa ganin inda aka ce tarbiyya ce saurayi da budurwa su yi ta kewaya bishiya cikin ruwa, jiƙe sharkaf, iyaye na can gida sun yi tagumi ba. Amma tunda fim ya biyo ni har ƙofar shago, dole in yi magana.

Tun bikin watsa launi famfunan unguwarmu, Layin Marina, suka daina magana da mu. In ka murɗa sai ka ji tari, sai huci, sai shiru. Mai Girma Uban Famfunan Gari, Allah ya ƙara wa tumbinsa faɗi, ya zo mana kafin zaɓe da furanni a wuya har ba a ganin kunnuwansa, ya rantse cewa ruwa zai ishe mu har sai mun roƙe shi ya rage. Har yau ba mu sami damar yin roƙon ba.

Sai ga masu fim sun sauka a garin. Jama'a, ashe hukumarmu ba ciwon baya gare ta ba. Titin da ya cinye tayoyin kekunanmu tun ina da baƙin gemu, kafin ka ce kwabo an malala masa kwalta, daidai inda idon kyamara ya tsaya. Taku ɗaya bayan nan, raminmu na gado yana nan, ba a taɓa mana shi ba. An shafa wa gidaje fenti a fuskar da ke kallon dandali. Gidan wanzaminmu yanzu ta gaba ango ne, ta baya majinyaci.

Labarin fim ɗin, kamar yadda wanzamin ya ba ni yana yi mini gyaran fuska, wai yaron arewa ne ya ga yarinyar kudu. Shi ba ya jin yarensu, ita ba ta iya cin abincinsu, uba ya ce sai dai bayan ransa. A yi waƙa, a yi kuka, a yi faɗa a tashar jirgi, a ƙarshe uban ya share hawaye ya ce ku je na yarda. Na ce da wanzami, "In wannan ne, me ya kai su kashe dukiya? Su leƙo gidan Dube mana."

Kedarnath Dube maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Mutum ne mai sanyin hali, ko akuya ta shiga gidansa sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Ɗansa Ambuj ya tafi aiki can ƙarshen kudu, ya dawo da maganar wata yarinya, Malar. Dube ya yi iya turjiyarsa, wadda ba ta wuce ƙin shan shayin safe ba, daga baya ya sauko. Iyayen yarinyar ma sun sauko. Amma a gidansu magana ba ta zama magana sai kakarta, tsohuwa Ponnamma, ta sa baki. Ita kuwa ta ce ba za ta ba da jikarta ga gidan da ba ta ga wayewar garinsa ba.

Mu nan sai ranar biki mata ke zane a ƙofar gida. Su can kullum ne. Da asuba mace za ta wanke ƙofar gida tas da ruwa, sa'annan ta zana ado da garin shinkafa a kan damshin. Malar ta gargaɗi surukanta tun da wuri: a wurin kakarta, ƙofar da ta wayi gari a bushe, ko dai babu mace a gidan, ko kuma an yi rasuwa.

Da ranar zuwan tsohuwa ta matso, Dube ya yi ta sintiri a ofishin Mai Girma yana roƙon tankar ruwa har takalminsa ya san hanya. A ƙarshe mai riƙe wa Mai Girma jaka ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Dube-ji, kwanta ka yi barci. Kafin zakara ya yi cara tanka tana ƙofarka."

Zakara ya yi cara har ya gaji. Na fito zan tafi shago na tarar da tsohuwa, wadda ta sauka da dare tare da Malar, tsaye a ƙofar Dube, 'yar firit da ita, gashi fari fat, gwangwanin garin shinkafa a hannu, tana kallon ƙurar da ke gabanta. Sarla, matar Dube, tana bayanta riƙe da buta, ruwan da ya rage a gidan ke nan. Tsohuwa ta leƙa butar, ta yi wata doguwar magana da yarensu.

"Me ta ce, 'yata?" in ji Dube.

Malar ta sunkuyar da kai. "Ta ce garinku yana da kyau, Baba."

"Duk wannan maganar?"

"Ta kuma tambaya yaushe jirgin kudu yake tashi."

Ambuj ya zauna a kan dakali kamar an zare masa laka. Dube ya kamo hannuna. "Inayat, ɗan'uwana, kai kake da baki. Zo mu je."

Ba mu kai ofis ba. Muna shan kwanar dandali muka ji yayyafi a fuska. Ga tankokin gari nan a jere, har da wadda aka yi wa Dube alkawari, an ɗaure tiyo a kan dogayen sanduna ana fesa ruwa sama yana zubowa. A tsakiya an kafa rumfar biki ta ƙarya. Jaruma tana juyi, jarumi yana bin ta da hannuwa a buɗe, ruwan da zai ishi Layin Marina wanka da wanki yana gangarawa kwata. A gefe kuwa ga Mai Girma a kan kujera mai laushi, an riƙe masa laima kada ruwansa ya taɓa shi. An ce an yi masa alkawarin zai fito a fim ɗin a matsayin kawun amarya, shi ya sa ya rina gashin baki.

Mai jaka ya taho da sauri. "Kawu Inayat, ku ja baya, kuna shiga hoto."

"Waccan ba tankar Dube ba ce?"

"Alkawarinsa na nan daram, Kawu. Ba wanda ya soke shi."

"Ruwan fa?"

"Ai ruwa daban, alkawari daban. Wannan da kake gani ba na sha ba ne. Na bunƙasa al'adu ne da haɗin kan ƙasa."

Dube, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya haɗa tafukansa ya ce, "Sahab, ranka ya daɗe, haɗin kan ƙasa yana gidana yanzu haka, yana tambayar lokacin jirgi."

"To ka ba shi shayi," in ji mai jaka, ya juya.

Ban san wanda ya kai labari unguwa ba. Ihu kawai muka ji, "Ana ruwa a dandali!" Sai ga matan Layin Marina kamar an buɗe dam, da bokitai da tukwane da kwanonin wanki, wata har da tukunyar shayi. Igiyar da aka gitta don tare 'yan kallo ba ta yi ko gardama ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Suka cika wurin, kowacce ta ɗaga abin hannunta sama tana bin ɗigo, ana ture-ture ana zage-zage, ruwa na sauka a ka da ido, kwano kuwa ko rabi ba ya yi.

A cikinsu na hango farin gashi. Tsohuwa Ponnamma ce, tulun roba a ƙugu, ta biyo Sarla. Ta tsaya ta dubi wannan hauka, ta yi tsaki irin wanda ba ya buƙatar tafinta. Ta nuna Ambuj, wanda ya biyo su, da yatsa, ta nuna sandar rumfar nan ta gaba. Ta nuna Dube, ta nuna ta biyu. Sa'annan yatsan ya juyo kaina. Ni da ba na karɓar umarni daga kowa sai Zebun, sai ga ni rungume da sanda. Ta sa muka karkata rumfar gefe guda, duk ruwan da ke sauka a kanta ya taru ya zubo ta kusurwa ɗaya kamar indararo. Rabinsa ta wuyan rigata ya bi kafin ya kai ƙasa.

Ta fizge bokitin wata ta dire, ta dire na biye a bayansa, ta kori masu su gefe. Tukwane su yi layi, mutane su huta. Wadda ta yi yunƙurin tura nata gaba, harara ɗaya ta mayar da ita. Matan da suka shekara suna dambe a bakin famfo, yau ga su tsit a gaban tsohuwar da ba ta san kalma ɗaya ta yarensu ba.

Darakta yana ta ihu a lasifika a tsaya, a tsaya, amma masu tiyo 'yan garinmu ne, iyayensu mata na cikin layi, sai kunnuwansu suka toshe. Jaruma ta samu kujera ta zauna tana atishawa. Mai Girma ya miƙe fuska a murtuke, ya buɗe baki zai kira 'yan sanda, sai idonsa ya faɗa kan masu ɗaukar hoton jarida da suka zo ganin jarumi. Nan take fuskar ta washe. Ya taka har bakin layi, laima na biye da shi, ya karɓe cikakken bokiti daga hannun Sarla, ya juya wajen kyamara, ya miƙa mata abinta.

"A yau," in ji shi, "mun ƙaddamar da rabon ruwa kyauta ga iyayenmu mata."

Aka tafa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu hoto na juya baya aka rufe tankoki, amma kafin nan tulun tsohuwa ya cika, na Sarla ma haka.

Rana ta take sosai lokacin da aka wanke ƙofar Dube. Sarla ce ta wanke. Tsohuwa ta durƙusa ta ɗiga garin shinkafa ɗigo-ɗigo, ta ja layi ta kewaye su, ta kai rabi, sai ta tsaya ta miƙa wa Sarla gwangwanin. Sarla ta ƙarasa, a karkace, kamar sawun kaza. Tsohuwa ta duba, ta yi dariya har dasashinta ya bayyana, ta sake yin wata doguwar magana.

"Wannan karon ki faɗa mana duka, 'yata," in ji Dube. "Ko zagi ne."

Malar tana dariya tana share ido. "Ta ce tsoronta ɗaya ne, kada ta kai ni cikin baƙin mutane masu baƙuwar al'ada, in rasa gane kan rayuwarsu. Amma ta ga famfonku irin namu ne, alkawarinku irin namu ne, babban mutuminku ma kamar uwa ɗaya uba ɗaya da namu, har rinin gashin bakin. Ta ce ba zan yi kewar gida ba. A sa rana."

Dube ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da gefen mayafinsa. Ambuj ya faɗi ya taɓa ƙafafun tsohuwa, ta buge masa ƙeya don ya kusa taka zanen.

Ra'ayina game da fim yana nan inda yake. Rawa cikin ruwa ba ta haifar da komai sai mura, kuma ba na son a ce Inayat ya tsufa ya lalace. A fim waƙa ce take sauko da iyaye. A Layin Marina busasshen famfo ne ya ɗaura zumunci tsakanin arewa da kudu, don haka in za a ba da lambar yabo ta haɗa aure, na yarda a rataya wa Mai Girma. Shekara da shekaru yana wannan aiki a ɓoye, bai taɓa gajiya ba.

Sai dai ina da 'yar shawara ga masu fim, in akwai mai karanta ni a cikinsu. Na ji an ce a irin labaranku uban yarinya yakan dafe ƙirji ya faɗi, a ruga da shi asibiti. In kun zo wannan wurin, don Allah kada ku gina na ƙarya. Muna da asibiti a bayan tasha, kuma rabonsa da magani an daɗe.